Taƙaitaccen Tarihin David Johnston (1949–1980), Masanin Duwatsu Masu Aman Wuta

An haifi David Alexander Johnston ranar 18 ga Disamba, 1949, a birnin Chicago na ƙasar Amurka. Ya shiga Jami'ar Illinois da niyyar nazarin aikin jarida, sai ilimin duwatsu ya ja hankalinsa, inda ya sami digirin farko a 1971. Daga nan ya zarce Jami'ar Washington da ke Seattle domin ƙaro ilimi.

Da fari ya gina bincikensa ne a kan Cimarron, wani tsohon dutse a jihar Colorado wanda wutarsa ta daɗe da mutuwa. Amma da dutsen Augustine na Alaska ya yi aman wuta a 1976, sai ya karkatar da kundin digirinsa na uku zuwa gare shi. Nazarin ya nuna cewa narkakken dutsen yana ƙunshe da ruwa da sinadaran kulorin da farar wuta masu yawa, kuma haɗuwar narkakkun duwatsu iri biyu a ƙarƙashin ƙasa tana iya haddasa aman. Ya kammala a 1978, kana ya kama aiki da Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, inda ya duƙufa ga auna iskar da duwatsun ke fitarwa, da fatan gano alamun aman wuta kafin aukuwarsa.

A watan Maris na 1980 dutsen St. Helens ya fara girgiza. Johnston yana cikin masanan da suka shawarci hukuma ta rufe yankin, ta kuma ƙi buɗe shi duk da matsin lambar jama'a. Wannan mataki ya ceci rayuka da dama. Ranar 17 ga Mayu ya karɓi aikin sa ido a wani sansani mai nisan kimanin kilomita 10, a madadin Harry Glicken, wani ɗalibi da ya tafi ganawa kan karatunsa. Washegari da ƙarfe 8:32 na safe ɓangaren arewa na dutsen ya rufta, aman ya yi gefe maimakon sama. Johnston ya sami sanar da abokan aikinsa ta rediyo kafin aman ya cim masa. Mutum 57 suka halaka, ba a kuma ga gawarsa ba. Ya rasu yana da shekara 30.

Shi ma Glicken ya gamu da ajalinsa a dutsen Unzen na Japan a 1991. Cibiyar sa ido kan duwatsun Cascades da ke Vancouver, jihar Washington, tana ɗauke da sunan Johnston har yau.