Bala Miller: Ɗan Zariya da ya sa ganga da jita suka yi Hausa

Idan ka tambayi matasan da ke zama a fadojin shayi na Kirkissoye, a nan Yamai, yaushe aka fara waƙar Hausa ta zamani, akasarinsu za su ce maka da finafinan Kano ta zo, wasu kuma su ce da 'yan gambarar zamani. Kaɗan ne za su ambaci Bala Miller, mutumin da tun shekarun 1970 ya tara mabusa da makaɗa jita a Kaduna, ya ɗora Hausa a kan kiɗan da a lokacin ake ganin na Legas ne da Amurka.

An haife shi a 1928 a garin Pankshin da ke jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa, Rabaran Miller na Zariya, yana cikin mutanen ƙasar Hausa na farko da suka karɓi addinin Kirista har suka zama limaman coci. Aikin mahaifin ne ya kai iyalin Lakwaja, kuma a cocin Holy Trinity na garin yaron ya fara sabawa da kayan kiɗan Turawa.

Wannan asali yana da muhimmanci. A ƙasar Hausa ta wancan zamani kiɗa gado ne, kuma makaɗi yana da ubangida: sarki, ko attajiri, ko masu wata sana'a. Ɗan gidan mutunci ba ya ɗaukar kalangu. Bala bai fito daga gidan roƙo ba, don haka bai gaji ubangida ba, bai kuma gaji kunyar da ake ɗora wa sana'ar ba.

Ya yi karatu a makarantar CMS Grammar School ta Legas, a daidai lokacin da kiɗan highlife ke mamaye otal-otal da gidajen rawa na birnin, kuma tun yana ɗalibi yake wasa da ƙungiyoyin makaɗa. Sai dai bai rungumi kiɗa a matsayin hanyar cin abinci nan take ba. Ya shafe shekaru yana aikin tallata kaya a kamfanoni, ciki har da Nigerian Breweries, aikin da ya dawo da shi Arewa. A ganina wannan ne ya bambanta shi da takwarorinsa: ya san lissafi, ya san yadda ake tara jama'a, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a ofis.

Da wannan sani ya shawo kan gwamnatin Audu Bako, gwamnan soja na Kano daga 1967 zuwa 1975, aka buɗe makarantar koyon kiɗa a jihar. A Kano fa, ba Legas ba. Duk wanda ya san yadda birnin ke kallon makaɗa zai gane girman abin. A Nijar sai a 1989 aka samu irin wannan, da buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai mai ɗauke da sunan Elhadj Taya.

Shekarar 1977 ce ta zame masa mahaɗa. Najeriya ta karɓi baƙuncin bikin FESTAC, Bala yana cikin waɗanda suka yi aikin shirya ɓangaren kiɗa, kuma a wannan tsakani ne ya kafa babbar ƙungiyarsa, Music Pyrameeds of Africa. Duk Bakanon da ya ji sunan, dalar gyaɗa ce za ta faɗo masa a rai. Gidan rawa na Costain Club da ke Kaduna ya zama dandalinsu, kuma a 1979 suka fitar da faifan Pyramids.

A cikin waƙoƙinsu, Ikon Allah ce ta fi daɗewa a kunnen jama'a. Wanda ya saurare ta yau zai ji jitar bas tana tafiya irin ta funk, kakakin Turawa suna amsawa a jere, murya kuma tana Hausa tsantsa ba tare da kwaikwayon Turanci ba. Babu kirarin wani mai kuɗi a ciki, babu zambo. Magana ce kan buwayar Ubangiji, wadda Musulmi da Kirista kowa zai ɗauka tasa ce. Ɗan limamin coci ne ya rera, amma ba a taɓa jin ta a matsayin waƙar coci ba.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. A Jos akwai Sahara All Stars, akwai kuma The Elcados, sai dai su sun fi karkata ga Turanci. A shekarun 1980 Bala ya samu shirin kansa a gidan talabijin na NTA, abin da ya kai fuskarsa gidajen da ba su taɓa taka gidan rawa ba.

To me ya sa bai bar magada ba? Ƙungiya mai mutane da yawa tana cin kuɗi: albashi, mota, kayan busa da ake sayowa daga waje. Da tattalin arzikin Najeriya ya tsuke a shekarun 1980, kuma satar kaset ta kashe kasuwar faifai, irin waɗannan ƙungiyoyi suka riƙa watsewa. Daga baya fiyano ɗaya mai kwaikwayon kowace ganga ta shigo situdiyoyin Kano, yaro guda ya maye gurbin makaɗa ishirin. Kiɗan ya yi araha, amma hannu ya fita daga cikinsa.

Bala Miller ya rasu a 2003. Shekara biyu kafin nan, a 2001, kamfanin Strut na Landan ya saka Ikon Allah a cikin tarin waƙoƙin Nigeria 70, kusa da su Fela Kuti da William Onyeabor, daga nan ta shiga hannun masu juya faifai a Turai. Irin abin da ya faru da namu Mamman Sani ke nan, wanda kaset ɗinsa na 1978 sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 kafin yawancin matasan Yamai su ji labarinsa. 'Yan uwanmu da ke Faris ko Barasil sun fi mu damar cin karo da faifan Bala Miller a kanti. A nan gida, sai dai ka nema a YouTube, idan ka san sunan.