Theodor Mommsen, Masanin Kuɗin Mutanen Dā

Yau za mu kawo wa masu karatu tarihin wani malami Bajamushe wanda ya mai da tsofaffin kuɗin tagulla shaidun tarihi.

An haifi Theodor Mommsen ran 30 ga Nuwamba, 1817, a garin Garding. Ubansa limamin coci ne, ba mai wadata ba. Ya yi karatun shari'a a Jami'ar Kiel, sa'an nan a 1844 gwamnatin Denmark ta ba shi guzuri ya tafi Italiya. Ya yi wajen shekara uku can yana bin garuruwa, yana kwafe rubutun da ke jikin duwatsu.

A zamanin dā ba birnin Rum kaɗai ke yin kuɗi ba. Garuruwa kamar su Hatria da Tuder da Luceria kowanne yana da nasa. Narka tagulla suke yi su zuba a mazubi, don kuɗin sun yi kauri ƙwarai. Babban cikinsu a Rum, wanda ake kira as, da fari nauyinsa ya kai kusan laba guda ta Rumawa, watau wajen giram 320, an kuwa kasa shi kashi goma sha biyu. Da yaƙin Hannibal ya tsananta, daga 218 kafin haihuwar Annabi Isa, sai Rum ta yi ta rage nauyin nan don baitulmali ya ƙwaƙule.

Mommsen ya lura cewa nauyin kuɗi yana nuna ƙarfin mulki da rauninsa. Saboda haka ya gwada nauyin na wannan gari da na wancan, ya haɗa da dokoki da rubuce-rubuce, har a 1860 ya fitar da babban littafi kan kuɗin Rumawa.

Bai sami wannan a sauƙaƙe ba. A 1851 an sallame shi daga aikin koyarwa a Leipzig saboda siyasa, ya koma Zurich. A 1880 gobara ta cinye yawancin littattafansa, amma bai ajiye alƙalami ba. An ba shi lambar Nobel ta adabi a 1902, ya mutu ran 1 ga Nuwamba, 1903.

Ba kome ya faɗa ya tabbata ba. Ya ɗauka an fara buga denarius na azurfa wajen 269 kafin haihuwar Annabi Isa, amma haƙa da aka yi a Morgantina ta Sisili ta nuna wajen 211 ne. Daga sunan kuɗin nan Larabawa suka sami dinari, daga gare shi kuma harafin d. da akawunan En'e suke rubutawa a madadin kwabo zamanin fam da sule.

Abin koyi gare mu shi ne, mutumin nan ba ya rubuta abu sai ya auna shi. Don haka ne har masu gyara masa kuskure da hanyarsa suka gyara shi.