Dorothea Bate, Mai Karanta Ƙasusuwa

'Yan'uwana mata, kun san ƙashin ƙafa yakan faɗi yadda dabba ta rayu? An haifi Dorothea Bate a Birtaniya a 1878. Ba ta yi makaranta mai zurfi ba, amma tana 'yar shekara 19 ta nemi aiki a gidan tarihin halittu na Landan, ta samu. A kogunan duwatsun Saifurus ta tono ƙasusuwan ƙananan giwaye da na wata inyawara, waɗanda irinsu ya ƙare. A 1909, a tsibirin Mayorka, ta gano wata dabba dangin akuya. Ƙasusuwan ƙafarta gajeru ne masu kauri, alamar mai hawan duwatsu ce, ba mai gudu ba. Sai tana dab da shekara 70 aka ba ta cikakken muƙami. Ta rasu a 1951.