MARIGAYI ALHAJI MAMMAN SHATA: YARON DA YA CI GASAR DANDALI

A wannan mako filinmu zai waiwayi rayuwar wani mutum wanda da wuya a sami Bahaushe a Obiagu ta Inugu, ko a unguwannin mutanenmu na Anacha da Fatakwal, da bai taɓa jin muryarsa tana tashi daga teburin mai shayi ko daga cikin motar shanu ba. Wannan kuwa shi ne Alhaji Mamman Shata Katsina. Abin da za mu duba shi ne yadda aka yi aka gano shi tun yana yaro, da kuma irin gasar da ya ci kafin duniya ta san shi.

Bari mu fara leƙa Turai tukuna, domin a gane abin da muke nufi da gasa. Can suna da wani irin wasan kwaikwayo da suke kira opera, wanda 'yan wasa ke rera zancensu da waƙa, ga tarin makaɗa suna bin su. Saurayi ko budurwa mai son wannan sana'a sai ya yi shekaru yana koyo, sa'an nan ya shiga gasa, ya tsaya gaban alƙalai su auna muryarsa. Ta haka aka gano Luciano Pavarotti, ɗan wani mai gasa burodi a Italiya, wanda ya ci gasa a garin Reggio Emilia cikin 1961. Ladan da aka ba shi kuwa shi ne ya fito a matsayin babban ɗan wasa a gaban jama'a, daga nan ƙofa ta buɗe masa. Gidan rediyon BBC ma ya kafa irin wannan gasa a birnin Kadif cikin 1983.

A ƙasar Hausa ta zamanin Shata babu alƙalai masu takarda da alƙalami, babu kofi, babu kuɗin lada. Amma gasa kam akwai ta, har ma ta fi ta Turai tsanani.

MUSAWA

An haifi Muhammadu a garin Musawa ta ƙasar Katsina cikin 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Dukansu Fulani ne, ba su gaji kiɗa ba, ba su gaji roƙo ba. Aka sa shi makarantar allo kamar sauran yara, da ya tasa kuma ya shiga tallar goro, daga baya ya koma alewa. Sai dai ciniki bai karɓe shi ba, domin hannunsa a sake yake. In ya sayar da goro sai ya rabar da kuɗin a kasuwa ko a hanya, ya komo gida hannu rabbana. Wannan hali ne ya sa wani ɗan'uwansu da ake kira Salamu ya laƙaba masa sunan Mai Shata, watau mai watsar da abin da ya samu. Sunan ya bi shi har kabari.

A wancan zamani, in an ci tuwon dare, samari da 'yan mata sukan taru a dandali, musamman in akwai farin wata. A buga ganga, wannan ya yi waƙa, wancan ya mayar masa. Wanda ya iya sai a kewaye shi, wanda ya kasa sai a yi masa dariya, gobe kuma garin duka ya ji. Alƙalan nan ba a ba su toshiya, ba sa kuma jin kunyar ɗan kowa. A nan ne Shata ya fara, ba don kuɗi ba, sai don nishaɗi da son a ce ya fi tsara. Sannu a hankali ya rufe bakin sauran samarin Musawa, har aka fara zancensa a ƙauyukan kewaye.

Mahaifinsa bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan. A ganinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa abin kunya ne ga ɗan Fulani. Saboda haka yaron ya ci gasar dandali, amma a gida fushi ya tarar. Duk da haka ya ajiye farantin alewa, ya kama waƙa gadan-gadan, yana bin kasuwanni da bukukuwa.

BAKORI DA KANO

Kowane mai baiwa yana bukatar wanda zai ɗaga shi. Na Shata shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda ke aikin En'e a Bakori wajen sayen auduga da gyaɗa. Shi ya kira shi ya zauna can. Bakori gari ne na kaka da ciniki, inda kuɗi ke yawo in an kai amfanin gona sikeli, don haka mawaƙi yakan sami masu saurare da masu kyauta. Daga nan ya riƙa fita da makaɗansa zuwa Katsina, har ya leƙa Kano wajen ƙarshen shekarun 1940.

Babbar jarrabawa ta zo cikin 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka yi bikin da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarauta wajen 12 suka yi aure. Irin wannan taro makaɗa kan hallara daga ko'ina, kowa na neman a ji shi. Shata bai kai shekara 30 ba, ga shi baƙo daga ƙauye, amma da aka watse sunansa ne a bakin mutanen birni. Abin da gasar 1961 ta yi wa mutumin Italiya, shi bikin nan ya yi wa ɗan Musawa.

Ya kamata a lura da abin kiɗansa. Manyan mawaƙan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso suka yi suna, Salihu Jankiɗi kuwa da taushi, kowannensu yana da ubangidan da ya jingina da shi. Shata da kalangu ya fito, gangar da aka sani da mahauta, wadda ake ratayawa a hamata ana matsa tsarkiyarta murya ta hau ko ta sauka. Bai ɗaure kansa a ƙofar fada guda ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa attajiri, ya yi wa direba da manomi da soja. An kuma shaide shi da ƙaga waƙa nan take a gaban taro, 'yan amshi suna riƙe masa gindinta, shi kuwa yana ɗora baitoci yadda wuri ya ba shi. Wannan horon dandali ne, inda ba a ba mutum lokacin shiri.

SUNA YA GAME ƘASA

Wajen 1960 ya koma Funtuwa, garin jirgin ƙasa da auduga, ya mai da ita gida kusan shekara 40. Da gidan rediyon Kaduna ya kafu cikin 1962, ga faifan garmaho, daga baya kuma ga kaset, sai muryarsa ta riga shi isa Ikko da Badun da Kumasi da duk inda Bahaushe ya yi zango. Ya yi wa sojoji waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi wa kumbon Apollo 11 wanda ya kai mutum duniyar wata cikin 1969, ya yi waƙoƙin noma da na gargaɗi. A Bakandamiyarsa kuwa kansa ya wasa, yana ƙalubalantar duk mai ganin zai kara da shi. Watau har ya tsufa bai ɗauka an tashi daga gasar ba.

Ba za a ce ba shi da abin faɗa ba. Zambonsa yana da zafi, waɗanda ya taɓa kuwa sun daɗe suna jin raɗaɗi. Waƙarsa ta shaye-shaye ta jawo masa suka daga malamai. Ya kuma tsoma hannu cikin siyasa, har ya zama kansila a Kankiya cikin shekarun 1970. Amma halin kyauta na yaro mai tallar goro bai bar shi ba.

Malaman jami'a su ma sun sallama masa. Cikin 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan Shata. Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi kansa digirin girmamawa, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Sana'ar da uba ya ƙi saboda kunya, ita ce ta sa masa rigar dakta.

Ya rasu ran Jumma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. Aka kai shi Daura aka rufe, garin babban masoyinsa Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

TO, MU FA?

'Yan'uwa mazauna Kudu, ga abin tunani. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna tashi ne tsakanin shago da kara da tashar mota, da yawansu ba su taɓa ganin dandali ba, wasu ma Hausar tana yi musu nauyi a baki. In Allah ya ajiye baiwa a bakin ɗaya daga cikinsu, ina zai gwada ta, wa kuma zai ji? Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu suna iya ware yamma guda cikin bukukuwan Salla, a tara yara su kara da juna a waƙa mai tsabta da karin magana, dattawa su yi alƙalanci. Ba sai an kashe dukiya ba. Na Musawa fili ne kawai da ganga da farin wata.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya mai da mu gida lafiya. Sai mako mai zuwa.