Baba Simon, Fadan da Ya Yi Yawo Ba Takalmi

An haifi Simon Mpeke a 1906 kusa da Edéa. Ya zama limamin Katolika a 1935. A 1959 ya bar Douala ya taho arewa, ya zauna Tokombéré cikin mutanen duwatsun Mandara, waɗanda masu mulki suka daɗe suna rainawa. Ƙafa ba takalmi yake hawa dutse, ya kuma buɗe wa yaransu makaranta. A aƙidarsu ta Kirista, sarauta ta Allah ce, girman shugaba kuwa hidimar talaka. Ya rasu ranar 13 ga Agusta 1975. Ni Musulmi ne, mun saɓa da shi kan Annabi Isa, amma nakan tambayi kaina: mu fa, yaya muka riƙe maƙwabtan nan?