FANNY CROSBY, MAKAUNIYA MAI WAƘAR BISHARA

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Argungu, ko ya tsaya a tashar mota ta Birnin Kebbi, ya san muryar makafi. Suna tafe a jere, yaro yana jan gora a gaba, ɗaya yana ba da waƙa, saura suna amshi. Mu kan jefa musu ɗan abin da ya samu, mu wuce. Ran Lahadi kuwa, sa'anda mu ke buɗe Littafin Waƙoƙi a ɗakin sujada a nan Nasarawa, kaɗan ne cikinmu su ka sani waɗansu waƙoƙin da mu ke ƙauna daga bakin makauniya su ka fito, kafin a juya su da Hausa. Sunanta Fanny Crosby.

An haife ta ran 24 ga watan Maris, 1820, a wani ƙauye cikin jihar Niyu Yok ta ƙasar Amurka. Tana da mako 6 a duniya idanunta su ka kumbura. Wani mutum ya ɗora mata magani mai zafi a kansu, kumburi ya sauka, amma ba ta gani. Haka danginta su ka ba da labari, ko da ya ke likitocin zamani suna tsammani watakila da makantar aka haife ta. Shekara ba ta kewayo ba ubanta ya rasu. Uwarta ta tafi aikatau gidajen mutane, aka bar yarinya a hannun kakarta, Eunice.

To, a nan gindin labarin ya ke. Tsohuwar ba ta ajiye jikarta a ƙuryar ɗaki ba. Ta kan fita da ita, ta sa mata ganye da fure a hannu, ta gaya mata sunansu, ta kwatanta mata tsuntsaye da faɗuwar rana, ta kuma karanta mata Littafi Mai Tsarki. Da su ka koma wani gari, sai matar da su ke haya a gidanta, uwargida Hawley, ta ɗora daga nan, ta sa yarinya haddace sura 5 kowane mako. Kafin ta zama budurwa sosai, Linjila huɗu suna kanta, da littattafan Musa, da Misalai, da Waƙar Waƙoƙi, da Zabura masu yawa. Mu da mu ka yi makarantar Littafi Mai Tsarki da idanunmu biyu, ko rabin wannan ba mu riƙe ba. Mahaddata na makarantun allo sun fi mu sanin wahalar irin wannan aiki.

A 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin Niyu Yok. Ta koyi kiɗan garaya irin ta Turawa, da jita, da piyano, murya kuwa tana da ita. Daga baya ta zama malama a makarantar har 1858. Ta tafi Washinton ta karanta waƙarta a gaban 'yan majalisa, domin a kula da ilmin makafi. A ƙasarmu sai 1953 aka buɗe irin wannan makaranta a Gindiri, Gindiri kuwa da nisa daga Kabi. Ba basira makafinmu su ka rasa ba: ai Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne.

Duk da wannan hadda, zuciyarta ba ta kwanta ba. A 1849 annobar kwalara ta faɗa wa birnin, ta tsaya tana jinyar 'yan makaranta, waɗansu su ka mutu. Abin ya girgiza ta ƙwarai. Cikin watan Nuwamba na 1850, wurin taron farkawa a wata ekklesiyar Methodist, ta ba da kanta ga Ubangiji. Amma har wa yau waƙoƙin duniya ta ke shiryawa, suna kuwa karɓuwa. Sai a 1864, tana da shekara 43, ta sadu da William Bradbury, mai shirya muryoyin waƙar sujada, daga nan aikin ranta ya soma.

Ba ta iya rubutu da hannunta ba, sai ɗan sa hannu. Da dare, sa'anda gida ya yi tsit, ta kan yi addu'a, ta shirya waƙa duka a kanta, wani lokaci waƙoƙi da dama, ta riƙe su har a sami mai rubutawa. Sau da yawa muryar ce ta kan riga kalmomi zuwa. A 1868 William Doane ya zo mata da sabuwar murya, yana gaggawa kada jirgin ƙasa ya tashi ya bar shi. Kafin ya fita ta ba shi waƙa cikakkiya, wadda har yau a kan rera wurin jana'izar yara. Ita kanta ta san wannan baƙin ciki. Ta auri Alexander van Alstyne, makaho mai kiɗa, a 1858, jaririnsu guda ɗaya ya mutu, ba ta kuwa cika maganarsa ba. Ba za mu ɓoye ba, ita da mijin sun yi shekaru da yawa ba su zauna gida ɗaya ba. A 1873 kuma aminiyarta Phoebe Knapp ta kaɗa mata wata murya, daga nan waƙar nan Blessed Assurance ta fito.

An ƙiyasta waƙoƙinta sun haura 8,000. Masu ɗab'i su ka ji nauyi a ga sunan mutum ɗaya ya cika littafi, sai aka riƙa sa mata sunayen aro, wajen 200. Ladanta kuwa dala 1 ko 2 a kan kowace waƙa. Masu ilmi sun soki waƙoƙin, wai sun yi sauƙi da yawa. Da gaskiyarsu ta wani gefe, gama yawancinsu an manta da su. Amma ba domin masu ilmi ta yi su ba. Ta zauna a ɗakunan haya na unguwar matalauta, tana zuwa gidajen bishara na wajen titin Bowery, inda mashaya da marasa makwanci su ke taruwa, ta zauna kusa da su, ta yi musu magana. Abin da lebura zai ji sau ɗaya ya riƙe, shi ta ke nema. Ira Sankey, mai waƙa a tarurrukan D. L. Moody, shi ya kai waƙoƙin Ingila, daga can su ka bazu cikin duniya.

Ta rasu ran 12 ga watan Fabrairu, 1915, a garin Bridgeport, saura kaɗan ta cika shekara 95. Ɗan ƙaramin dutse aka kafa a kabarinta, da sunan da talakawa su ke kiranta, wato Gwaggo Fanny, da kalmomi daga Markus 14:8, inda Yesu ya yabi macen da ta zuba masa mai. Sai a 1955 aka kafa babban dutse kusa da shi.