Marcel Proust: Marubucin Da Asma Ta Tsare A Ɗaki

An haifi Marcel Proust a birnin Paris na ƙasar Faransa cikin shekarar 1871. Yana ɗan shekara tara ciwon asma ya kama shi, bai kuwa sake shi ba har mutuwa. Mahaifinsa, babban likita, ya matsa masa ya kama aiki. Don haka a 1895 ya shiga laburaren Mazarine, aikin da ko albashi babu. Da ƙyar ya zauna. Ya yi ta karɓar hutun rashin lafiya, har a 1900 aka ɗauka ya ajiye aikin. Bai ƙara yi wa kowa aiki ba.

Gadon iyayensa ne ya rufa masa asiri. Da talaka ne, da wuya a san sunansa. A 1910 ya sa aka lulluɓe bangon ɗakinsa da ɓawon itace don tare hayaniya. Da rana barci, da dare rubutu bisa gado, yana shaƙar hayaƙin garin magani. Haka ya rubuta labarinsa mai juzu'i bakwai, na biyu ya ci kyautar Goncourt a 1919. Ciwon huhu ya yi ajalinsa a 1922, saura juzu'i uku ba a buga ba.